Gishirin da Muka Ɗebo a Njuwa

Hannatu, Bitrus, Naomi, wannan babin naku ne, kuma ina so ku karanta shi a zaune, ba a tsaye kuna latsa waya ba. Shekara da shekaru ina jin ku kuna gaya wa mutane cewa babanku ne ya hana ni tafiya ƙarin karatu Jos. Ke Hannatu har a gaban surukanki kin faɗa, shi kuwa yana zaune yana ɓare gyaɗa. Haka halinsa yake, ba ya kare kansa. To ni zan kare shi. Amma sai na ba ku labarin shekarar gaba ɗaya, domin maganar karatun ƙaramin yanki ce a cikinta, kuma duk da tsoron da aka sha, ban taɓa yin shekarar da na ji daɗin aikina kamarta ba.

A lokacin ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani ƙaramin asibiti a Jimeta, ɗakin da kowa ke kira lab. Babanku yana koyar da kemistiri a sakandare. Muna zaune a gidanmu na Yolde Kohi, ko fenti ba mu yi masa ba tukuna. Damina ce, shekarar da 'yan bindiga suka riƙa kama garuruwa ɗaya bayan ɗaya daga Borno har suka shigo arewacin jiharmu. Mutane suka yi ta kwararowa Yola, wasu a bayan tifa, wasu a ƙafa, tabarma a ka, goyo a baya. Masallatai da coci-coci da makarantu duk suka cika. Wata Talata da rana babanku ya dawo gida da wani dogon dattijo da matarsa, ƙullin kaya ɗaya tak a hannunsu.

"Maman Hannatu, ga baƙi. A barandar ajinmu na same su, ruwa yana dukansu. Ɗakin da muke ajiye masara fa?"

"Masara ta koma kicin," na ce.

Haka Baba Modu da Ya Falmata suka shigo gidanmu. Mutanen Borno ne, Musulmi, 'ya'yansu sun watse, ba su san inda kowa ya nufa ba sai daga baya. Ya Falmata ba ta yi kwana uku ba ta ƙwace min murhu. Ta ce tuwona ya yi tauri, miyata ba ta da ƙamshi, ɗakina yana bukatar turaren wuta. Hausarta irin ta mutanen can ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinta, kuma ba ta jin kunyar kowa. Ku kun tuna yadda take sa ku dariya har ku ƙware. Baba Modu kuwa shiru. Ya shimfiɗa buzunsa a gindin darbejiya, ya yi sallolinsa, ya ja carbi. In aka gaishe shi ya amsa, shi ke nan. Wani lokaci da safe yakan fita yawo ya dawo da la'asar, ƙafafunsa duk laka, ba ya cewa ina ya je. Na ɗauka ko manomi ne ko ɗan tireda. Ban tambaya ba, domin a shekarar nan ba a tambayar mutum abin da ya baro.

A asibiti mu biyu ne a lab. Abokin aikina ya kwashe iyalinsa ya koma garinsu, ban ga laifinsa ba. Na rage ni kaɗai, ga layi tun daga ƙofa har bakin titi, yawancinsu zazzaɓi. Mutanen da suka kwana a daji da a fili, sauro ya ci rabonsa. Ƙananan kayan gwajin gaggawa, waɗanda ake ɗiga jini a jira layi ya fito, suka ƙare cikin 'yan kwanaki. Sai na koma ga aikin da na fi so tun ina yarinya a makarantar koyon aiki, wato duba jini a madubin ganin ƙwayoyin cuta.

Bari in bayyana muku aikin, tunda ba wanda ya gaje ni a cikinku. Ana ɗiga jini a ɗan gilashi, a baza, a bar shi ya bushe. Sai a zuba masa rini na musamman da aka sirka da ruwa, a jira, a wanke, a sa a ƙarƙashin madubi. In komai ya yi daidai, ƙwayar cutar cizon sauro takan fito kamar zobe: da'irar shuɗiya, da ɗan jan ɗigo a gefe kamar dutsen zoben. Amma rinin nan yana da tsirfa. Duk rigimarsa a kan ruwa take. Kun san bambancin kunun tsamiya da kunun kanwa. To ruwa ma haka yake, wani ya karkata wajen tsami, wani wajen kanwa, ko da harshe bai ji ba. In ruwan ya yi tsami, gilashin ya fito ja-ja, zoben ya dushe. In ya yi kanwa, komai ya zama shuɗi mai duhu kamar an zubar da tawada. Abin da ke tsayar da ruwan a tsakiya shi ne gishiri iri biyu, dukansu ana ce musu fosfet. Ɗaya na fotashiyam, ya ɗan karkata wajen tsami. Ɗayan na sodiyam, ya ɗan karkata wajen kanwa. In aka haɗa su a ma'auni daidai, sai su riƙe ruwan, ko wani abu ya faɗa ciki ba ya saurin juyawa. Da ana kawo mana su a haɗe, kamar ƙwayar magani, a jefa ɗaya a lita guda. Su ma suka ƙare, kuma babu ranar zuwan wasu.

Na tona kabad ɗin lab har ƙasa. Na sami tsohuwar kwalba mai ruwan ƙasa cike da na fotashiyam, garas-garas, lafiyarsa lau, domin shi bai cika shan danshi ba. Ta sodiyam kuwa an taɓa barin murfinta a kwance. Shi busasshen garinsa mayen danshi ne, yana jawo ruwa daga iska. Abin da ya rage a gindin kwalbar ya dunƙule ya yi datti, ko cokali ɗaya mai kyau ban samu ba. Na aika shagunan kayan asibiti, babu. Babanku ya duba lab ɗin makarantarsu, babu. Sai na riƙa sirka rini da ruwan da masu kura ke kawowa. Yau daga wannan burtsatse, gobe daga wancan. Yau gilashi ja, gobe shuɗi. Ina dubawa har idona ya yi ruwa, ina rubuta sakamako zuciyata ba ta yarda da hannuna ba.

Ana cikin haka Ya Falmata ta kwanta. Jikinta ya yi zafi, ta daina surutu, abin da ya fi ba mu tsoro ke nan. Na kai ta asibitinmu, na ɗebi jininta da hannuna. Gilashin ya fito shuɗi ƙirin. Na duba, na sake dubawa, na rubuta ban ga komai ba. Likita ya bi takardata ya ba ta maganin taifot. Kwana biyu zazzaɓi bai sauka ba, aka ba ta gado. Na je na same shi na gaya masa gaskiya, cewa ban yarda da gilashina ba. Ya dube ni, shi ma idonsa ya faɗa don gajiya.

"Madam, allurar maleriya da ta rage min ba ta kai yawan masu gado ba. Ba zan yi wa mutum da ka ba. Ki kawo min abin da zan tsaya a kai."

Ranar Asabar da sassafe ina zaune a tsakar gida, shayi ya huce a gabana, ina yi wa babanku ƙorafi. Na ce abin haushi, ƙaramin gishiri ne, cokali ɗaya ya ishe ni mako guda, amma duk Yola da Jimeta babu fosfet. Sai na ji murya daga gindin darbejiya.

"'Yata, me kika ce sunansa?"

"Fosfet, Baba. Wani gishirin lab ne."

"Fari? Yana narkewa a ruwa, in ka shafa a yatsa ya ɗan yi santsi?"

Na ajiye kofi. Ya tashi tsaye, ya naɗe buzunsa, abin da ban taɓa ganin ya yi da sauri ba.

"Wannan ai abincin boila ne. Shekara ashirin da wani abu ina ba ta shi da hannuna."

Ashe Baba Modu ma'aikacin boila ne, wato babbar tukunyar ƙarfe da ke dafa ruwa ta ba injuna tururi. A wata masana'anta a Maiduguri ya yi aiki har ya yi ritaya ya koma garinsu. Ya ce ruwan rijiya yana ɗauke da farin dutse a narke, in aka yi ta dafa shi sai dutsen ya manne a cikin bututu kamar yadda yake yi a gindin buta, har tukunya ta toshe ko ta fashe. In aka zuba fosfet, sai ya kama dutsen ya mai da shi laka mai laushi, a buɗe famfon ƙasa a zubar. Bai iya karatun boko ba, amma sunan ya zauna masa a kunne. Kuma yawon da yake fita da safe, ashe wajen tafkin Njuwa yake zuwa. Akwai wani injin gyaran shinkafa a can da ke turara shinkafa da boila. Yakan tsaya a bayan katanga yana sauraron ƙararta kawai, ya rasa ƙarfin halin shiga.

Muka tari keke, ni da shi. Hanya duk kore, shinkafa ta yi tsayi a fadama, masunta suna shanya koma a bakin tafki. Baba Modu da ya yi wata biyu bai haɗa jimla uku ba, ranar bai rufe baki ba har muka isa. Mai injin wani Bafulatani ne mai fara'a, ana ce masa Bappa Umaru. Muka gaisa, na nuna masa katin aikina, na faɗi abin da ya kawo mu. Ya yi dariya ya ce bai taɓa jin an zo neman maganin asibiti a wurin sussukar shinkafa ba. Ya sa aka buɗe sito. Ga buhu a jingine, an sha rabinsa, bakinsa a ɗaure. Na duba rubutun jikinsa, na ga sunan da nake nema, na sodiyam ɗin sak. Na kwafe duk abin da ke jikin buhun a bayan wata takarda, na ɗebi cikin gwangwani biyu a leda mai tsabta. Na juya in yi godiya, sai na ga ba kowa a bayana. Suna can wajen boila. Baba Modu ya kara kunne kusa da ƙarfen, ya ƙwanƙwasa bututu da ɗan makulli.

"Alhaji, yaushe rabon da a zubar da lakar ƙasa? Tukunyar nan numfashi take da ƙyar. Kuna ba ta gari, amma ba kwa barin ta ta yi bayan gida."

Bappa Umaru ya riƙe baki. Ya ce wata uku ke nan itace yana ƙarewa da wuri, ba su san dalili ba.

"Baba, gobe ka dawo. Don Allah ka dawo."

"Sai matata ta tashi," in ji Baba Modu.

A hanyar dawowa sojoji suka tsayar da mu a shinge, kamar yadda ake tsayar da kowa a lokacin. Wani saurayin soja ya ga farin abu a leda, fuskarsa ta canza, ban kuwa ga laifinsa ba. Na miƙa katina, na fara bayani da Turanci, ina ta kawo sunaye masu tsawo. Baba Modu bai jira ba. Ya tsoma yatsa ya lasa.

"Gishiri ne, ɗana. Ka ga?"

"Baba, kar ka ƙara," na ce. "A asibiti da danginsa ake sakin cikin wanda ya kasa bayan gida."

Sojan ya fashe da dariya har ya jingina da buhunan yashi. Ya ce mu wuce, amma in abin ya yi aiki zai zo a duba nasa jinin, domin shi ma kwana uku ke nan kansa na sara. Ya kuwa zo, ranar Litinin.

Ruwa mai kyau ina da shi, domin na tari ruwan sama a tsakiyar fili cikin sabuwar roba, na tafasa, na tace. Na auna na fotashiyam ɗan ƙasa da giram ɗaya, na sodiyam giram ɗaya cif, yadda na haddace tun a makaranta. Na narkar, na tace da takardar tacewa saboda ƙurar sito, na cika lita. Na tsoma 'yar takardar da ke nuna tsami ko kanwa. Ta nuna tsami. Ba sosai ba, amma ba inda nake so ba. Na zubar na sake, haka. Na rina wani gilashi na gwaji, ya fito ja-ja. Na zauna a kan kujera, na ji kamar in yi kuka. Daidai nan babanku ya leƙo, ya kawo wa Ya Falmata kunu a fulas.

"Yaya, an dace?"

"Ba a dace ba, Baban Hannatu. Ko dai buhun ƙarya yake, ko ni na manta aikina."

Ya ɗebi gishirin a tafin hannu ya kai wajen taga. Ya ce wannan ai ba gari ba ne, ƙyalli yake kamar dakakkiyar ƙanƙara. Ya ce in nuna masa abin da na kwafa. Ya bi da yatsa har ƙarshen sunan, inda na rubuta ɗigo da lamba goma sha biyu da alamar ruwa, ban ko lura ba saboda ɗoki. Sai ya yi irin murmushin da yake yi in ɗalibi ya faɗa tarkon da ya ɗana a jarrabawa.

"Maman Hannatu, naki na makaranta busasshe ne. Wannan kowace ƙwayarsa tana goye da ruwa goma sha biyu. Kin auna giram ɗaya, amma fiye da rabinsa ruwa kika auna."

Ya zaro biro daga aljihu, ya juya takardar, ya yi lissafi a tsaye. Nauyin busasshen ɗari da arba'in da biyu, na mai ruwan ɗari uku da hamsin da takwas. Ya raba, ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

"Giram biyu da rabi. In bai yi ba, ki kai ni ƙara wajen firinsifal."

Na auna biyu da rabi. Na tsoma takarda. Ta tsaya daidai inda ake so, kamar an kira ta da suna. Na ruga ɗakin mata na sake ɗiban jinin Ya Falmata. Minti goman da na jira rini ya kama, ban san na taɓa jin minti goma mai tsawonsu ba. Na wanke, na shanya, na ɗiga man madubi, na sa ido. Yarana, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Fili ya fito tas, launi a inda ya kamata, ga zobba nan birjik, shuɗi da jan ɗigo, kamar an watsa su da hannu. Mugun abu ne nake kallo, abin da ke neman kashe matar da ke dafa mana abinci, amma na yi ihu don murna har wata nas ta leƙo. Na rubuta sakamako da manyan baƙaƙe na kai wa likita da kaina. Ya buɗe kabad ya ɗauko allura.

Kafin mu tashi na kira Baba Modu, wanda ke zaune a benci a waje, na ce ya zo ya gani. Ya cire hula, ya sunkuya, ya rufe ido ɗaya. Na juya masa har ya ce ya gani. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Wannan ɗan abin ne ya kayar da Falmata? Matar da ta yi kwana huɗu tana tafiya a daji, ni ina cewa mu huta tana cewa mu ci gaba?"

"Shi ne, Baba."

"Allah mai iko. Kuma garin boila ne ya tona masa asiri."

Kwana uku bayan haka Ya Falmata ta buɗe ido sosai, ta ɗanɗani kunun da na kai mata, ta ce waye ya dama wannan, ba gishiri ba yaji. Nas-nas suka yi ta tafi. Mako bai cika ba ta dawo gida ta karɓi murhunta.

Daga ranar lab ɗinmu ya tsaya da ƙafarsa. Gwangwani biyun nan sun kai mu har bayan Kirsimeti. Na koyi rufe kwalbar gam, domin shi mai ruwan, da rani ya shigo, sai ya riƙa sakin ruwansa yana komawa gari, ma'auni ya rikice. Wasu ƙananan asibitoci biyu suka ji labari, suka riƙa aiko da jarka ina haɗa musu. Likita ya daina harbi a duhu da allurarsa: wanda ke da cutar ya samu, wanda ba shi da ita a nemi abin da ke damunsa. A gida kuwa abin ya zama wasa. Ke Naomi kika gano sunan a jikin gwangwanin madarar ruwa, kika zo da gudu kina cewa ashe muna shan abincin boila a shayi. Babanku ya bayyana miki cewa ana ɗan sa shi ne don kada madara ta guntse in an dafa ta a masana'anta, kuma danginsa na cikin wasu garin sabulu, suna tausasa ruwa. Baba Modu ya ce shi dai duk inda aka kai shi, na boila ne, aro ake yi. Suka yi ta musu da babanku har Ya Falmata ta ce in ba su zo sun ci tuwo ba za ta zuba musu shi a miya.

To yanzu ga maganar Jos. Shekara shida ina neman gurbin karatun nan na shekara biyu, wanda zai ɗaga ni daga mai taimakawa zuwa cikakkiyar masaniyar lab. Takardar ta iso ana tsakiyar wannan aiki, kuma ta ce in bayyana cikin mako biyu. A lokacin ne kuma Mubi ta faɗa hannun 'yan bindiga, sabon ayari ya shigo gari, ana ta raɗe-raɗin Yola ce ta gaba. Ranar Lahadi bayan mun dawo coci muka shiga ɗaki muka rufe ƙofa. Ku kuna tsakar gida. Abin da kuka ji shi ne muryar babanku ta tashi yana cewa "Ba za ki," sannan kuka ga na fito ina share hawaye, takarda a hannunsa. Ga abin da ya faɗa cikakke:

"Ba za ki sake samun wannan damar ba! Shekarunki sun kai iyakar da suke ɗauka. Ki tafi, ni zan riƙe yara, Ya Falmata tana nan. Can ma ya fi nan kwanciyar hankali."

"In na tafi wa zai duba gilashi?"

"Za su nemo wani."

"A ina? Wa ke zuwa Yola yanzu? Kowa fita yake."

Ya yi ta lallashi, ya yi faɗa, har ya ce zai je ya sa ni a mota da kansa. Na ce masa na yi shekara goma sha tara ina aikin nan, sai yanzu na san amfanina, ba zan bar layin nan a bakin ƙofa in je in zauna a aji ba. Kukan da kuka gani na takaicin abin da na san na bari ne, ba na an hana ni ba. Ya karɓi takardar don ya rubuta musu roƙon a ɗaga min zuwa baɗi. Ya rubuta har sau biyu, ba a samu ba. Washegarin rigimar muka tura ku Ganye wajen kakarku na 'yan makonni saboda tsoron gari, shi ya sa ba ku ji ƙarshen zancen ba, mu kuma ba mu san abin da kuka tafi da shi a zuciya ba.

Ba zan ce muku abin bai yi min ciwo ba. Ya yi. Waɗanda na koya wa riƙe gilashi sun je sun dawo sun zama shugabannina, ina miƙa musu takarda su sa hannu. Akwai ranakun da na dawo gida ban yi wa kowa magana ba. Na yi ritaya a matakin da nake tun wancan lokaci. Amma ni na zaɓa, da idona a buɗe, kuma in aka mai da ni ranar Lahadin nan, amsar da zan bayar ke nan.

Baba Modu ya koma Njuwa kamar yadda ya yi alkawari. Ya zubar da lakar boila, ya wanke bututu, Bappa Umaru ya riƙe shi aiki. Bayan shekara suka kama ɗaki biyu a unguwar Bako, 'ya'yansu biyu suka same su a can. Da gari ya lafa an ce su koma Borno, suka je suka duba suka dawo. Yanzu ya tsufa, ba ya ɗaga komai, amma har yau ana kai masa kujera kusa da tukunyar ya zauna ya saurara. Duk kaka buhun shinkafar da kuke gani a kicin daga wurinsa yake.

Ranar da aka yi min walimar ritaya a harabar asibiti, an yi jawabai masu tsawo, an ba ni agogon bango da atamfa. Ana shirin rufewa da addu'a sai Ya Falmata ta miƙe daga cikin mata, ba wanda ya kira ta. Ta gyara lafayarta, ta karɓe abin magana daga hannun mai gabatarwa.

"Ni ban yi boko ba. Amma wannan mata, shi ya ga cikin jinina. Uwata bai gani ba. Malam mijina, shekara arba'in muna tare, sai da aka nuna masa. Shi ya gani, ya ga ƙazanta cike a ciki, kuma da na warke ya zo ya sa hannu a kwanona muka ci tare. To ku masu boko, me ake ce wa irin wannan?"

Can daga baya wata tsohuwar nas ta ɗaga murya.

"'Yar'uwa!"

"To," in ji Ya Falmata. "Na gama."

Ta mayar da abin magana, ta zo ta ture jakata daga kujerar da ke kusa da ni ta zauna. Ta ɗanɗani shinkafar walimar, ta matso kusa da kunnena ta ce wanda ya dafa wannan a kai shi lab a duba shi.